Auna Kumburin Huhu a Cutar Asma ta Hanyar Gwajin Kaki



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke fama da asma a 2019, kuma a shekarar ta yi ajalin mutum 455,000. Tushen cutar kumburi ne a hanyoyin iska na cikin huhu. Sai dai a asibiti mun fi dogara da koken mai ciwo, wato tari da sarƙewar numfashi, da kuma na'urar hurawa mai auna ƙarfin numfashi. Waɗannan kan shaida mana hanya ta matse, amma irin kumburin da ya matse ta, wannan sai an duba kaki.

Matsalar ita ce masu asma da yawa ba sa iya kawo kaki idan an nema. A 1992 Isabelle Pin da abokan aikinta na Jami'ar McMaster a Kanada suka nuna cewa dabarar da ake bi wajen samo kakin masu tarin fuka za ta yi aiki ga asma.

Ga yadda ake yi. Da farko a auna numfashin mutum, a ba shi salbutamol ya shaƙa don hanyoyin iska su buɗe. Sai ya shaƙi hazon ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, na 'yan mintuna. Ya kurkure baki, ya fyace hanci, sannan ya yi tari ya tofa a mazubi. Gishirin kan iya tayar da asmar, saboda haka ana ta auna numfashi. Idan ya ragu da kashi 20, a dakata. Cikin awa biyu ake kai kakin ɗakin gwaji, a narkar da yauƙinsa, a shafa a gilashi, a ƙirga ƙwayoyin halitta 400 a madubin likita.

Idan ƙwayoyin da ake kira iyosinofil sun kai kashi 3 cikin ɗari, alama ce mai ƙarfi cewa maganin sitiroyid zai yi aiki. Idan kuwa ba su kai ba, ko wasu ƙwayoyin da ake kira niyutirofil ne suka rinjaya, ƙara sitiroyid ba kasafai yake amfani ba, illarsa kawai mutum zai kwasa.

An gwada daidaita magani bisa wannan ƙidaya a asibitin Glenfield da ke Lesta a Ingila, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2002. An raba masu asma 74 gida biyu, aka bi su shekara guda. Waɗanda aka yi wa magani bisa alamun ciwo sun sami mummunan tashin asma sau 109. Waɗanda aka daidaita musu magani bisa ƙidayar kaki kuwa, sau 35 kacal.

Gwajin na cin lokaci, yana buƙatar ƙwararren mai ƙidaya da ɗaki mai wadatar iska don kada tari ya yaɗa cuta, musamman a ƙasashenmu da tarin fuka ya yawaita. Ba kowane mai asma ke buƙatarsa ba; na waɗanda ciwonsu ya ƙi jin magani ne.

Ina kira ga asibitocinmu na koyarwa da su horar da ma'aikatan ɗakin gwaji kan wannan ƙidaya, domin a san irin kumburin mai ciwo kafin a ƙara masa magani.