Hannun da ke Jinya Shi ma Sai an Koya Masa

Mun ji lissafin adashe da na bashin taki, alhamdu lillahi. Mu kuma maganar jinya ce ta tsayar da mu a gabanku.

Wace ce a nan ba ta taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ba? Hawan jini ya kayar da maigida ko Inna, a garzaya asibitin Malumfashi ko Funtuwa, wani lokaci har Shika. Bayan sallama sai a ce a riƙa zuwa gashin ƙashi. To, daga Gozaki, ga kuɗin mota, ga aikin damina, sau nawa za a je? Sauran jinyar a ɗakunanmu take, a hannunmu.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun sha yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mun ɗaga majinyaci ta hannun da ya shanye, kafaɗa ta goce. Mun ji an ce gashi, muka ɗora tsumman ruwan zafi a fatar da ba ta ji, ta ƙone. Mun bar shi yini guda a gefe ɗaya, gyambo ya fito. Mun ba shi kunu yana kwance, ya ƙware.

Duk waɗannan ana koyon kauce musu. Ana koya wa mai taimakon likitan gashi ta riƙa juya majinyaci duk awa 2, ta lanƙwasa gaɓoɓinsa ta miƙe su a hankali kullum don kada su ƙage, ta zaunar da shi kafin abinci, ta tallafe shi ya tsaya har ya fara takawa da sanda. In kuwa baki ya karkace ko harshe ya yi nauyi, asibiti nan take, ba jira.

Amma fa mataimakiya ba likita ba ce. Likitan gashi a jami'a yake karatu, kamar Jami'ar Bayero ta Kano. Shi ke duba majinyaci ya tsara atisaye, ita kuma ta bi.

Shawararmu ita ce, daga ribar bana mu ware kuɗin mota da abinci ga 'ya'yanmu mata biyu da suka gama sakandare, mu nema musu izinin koyo a sashen gashi, su dawo su koya mana gida-gida. Sai mun ji ta bakinku kafin a tashi.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, amin.