Shigar da Tsofaffin Taswirori Cikin Zanen Kwamfuta: Darasi daga Filayen Kaduna



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake ɗauko taswirar da aka zana da hannu, ko fayil ɗin da wata manhaja ta samar, a shigar da shi cikin zanen kwamfuta ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba. Mai kallo daga nesa zai zaci aikin danna maɓalli ne kurum. Amma a unguwa irin Unguwar Kanawa, inda gidaje ke manne da juna, kuskuren taku biyu a kan allo yana iya kai maƙwabta biyu gaban alƙali.

Tun daga 1917, lokacin da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, 'yan safiyo suke auna garin nan suna adana sakamakon a takarda. Har tsarin garin da Max Lock ya fitar a 1967 a kan takarda aka yi shi. A can Amurka kuwa, Ivan Sutherland ya nuna a 1963 cewa ana iya zane a kan allon kwamfuta, sa'an nan a 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD tare da wani nau'in fayil mai suna DXF, domin manhajoji dabam-dabam su iya musayar zane. Da aka kafa hukumar KADGIS bisa dokar 2015, don tattara bayanan filayen jihar a kwamfuta, sai ya wajaba tsohuwar takarda ta sadu da sabuwar na'ura.

Fayilolin da ake shigarwa iri biyu ne. Na farko hoto ne, watau tsohuwar taswira da aka ɗauka da na'ura. Wannan tarin ɗigo ne kawai, kwamfuta ba ta san tsawon kowane layi a cikinsa ba, sai mai zane ya bi ya kwafe. Na biyu shi ne fayil na layuka, kamar DWG da DXF, wanda kowace kusurwa a cikinsa take da lambobinta. Ko wanne aka ɗauko, akwai tarko uku da ke jiran mai gaggawa.

Tarko na farko shi ne ma'auni. Kafin Nijeriya ta koma ga awon mita a shekarun 1970, da ƙafa ake auna fili, kuma har yau a bakin jama'a fuloti ƙafa 50 ne da ƙafa 100. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, saboda haka wannan fuloti mita 15.24 ne da mita 30.48. Idan fayil bai faɗi ma'auninsa ba, manhaja tana iya karanta 50 da 100 a matsayin mita, fili ya kumbura fiye da ninki goma, ya haɗiye gidajen maƙwabta da layin da ke gabansu.

Tarko na biyu shi ne tushen awo. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan an gina su ne a kan tushen Minna, wanda ya samo sunansa daga wata tashar awo kusa da garin Minna, kuma aka raba ƙasar shiyya uku, Kaduna tana cikin ta tsakiya. Na'urar GPS kuwa da tushen duniya na WGS 84 take aiki, inda Kaduna ta faɗa shiyya ta 32. Wuri ɗaya ne a ƙasa, amma lambobinsa biyu. Ko da an daidaita shiyya, in ba a juya tushe zuwa tushe ba, zanen zai goce da gomman mitoci, har a ga katangar wani a tsakiyar hanya.

Tarko na uku shi ne ita kanta takardar. Damina tana sa ta miƙe, hunturu ya sa ta tsuke, naɗewa kuma ta karkata layukanta. A taswirar da aka zana bisa awon 1:1000, milimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Don haka ƙa'ida ita ce a nemi turakun siminti na safiyo waɗanda ba su gusa ba, aƙalla uku ko huɗu a kusurwoyi masu nisa da juna, a auna su sabo, a ɗaure hoton a kansu, sa'an nan a gwada da wani turke dabam wanda ba a yi amfani da shi wajen ɗaurin ba.

Har wa yau, akwai hikima wajen yadda ake shigarwar. Ana iya narkar da fayil cikin sabon zane, ana kuma iya jingina shi kawai, ya zauna a matsayin shimfiɗa ta ƙasa. Ga aikin fili, jinginawa ta fi aminci, domin asalin yana nan yadda yake, kuma duk wanda ya zo daga baya zai iya bambance abin da aka gada da abin da aka ƙara. Ya kamata kuma a rubuta a jikin zanen inda aka samo fayil ɗin, da ma'auninsa, da tushen awonsa, da ranar da aka juya shi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni amana a hannun gwamna, shi ne mai ba da takardar shaidar mallaka. Amma wannan takarda a kan zane take tsayawa, zanen kuwa a kan aikin wanda ya shigar da fayil. Magidancin Unguwar Kanawa da ya gaji gida daga mahaifinsa bai san DXF ba, bai san tushen Minna ba, ya dai san inda katangarsa ta tsaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Lalle ne ɗaliban safiyo da na zanen gine-gine, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su saba da fita fili da igiyar awo kafin su gaskata abin da allo ya nuna musu.

Allah ya sa a dace.