Macen da Ta Haura Arba'in a Allon Talabijin: Daga Jiragen Taurari Zuwa Tashar Bassam



Duk mai maganar fim a Afirka ta Yamma sai ya gaida unguwar nan ta Treichville a Abidjan. A nan Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, tare da samarin Nijar 'yan cirani masu dako da leburanci. Samarin sun raɗa wa kansu sunayen taurarin silima: Oumarou Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, yarinyar da ake mafarkinta kuwa Dorothy Lamour. Tun lokacin allo yake koya wa mutanen wannan gari wadda za a so da wadda za a kau da kai daga gare ta. Yau allon ya koma aljihu. Fasinjan da ke jiran mota ta cika a tashar Bassam, ko mai shago a Adjamé da ciniki ya lafa masa, yana iya kallon fim ɗin Kano da na Abidjan da na Amurka a zama ɗaya. Maganata a yau ita ce: waɗannan shirye-shirye, har waɗanda sana'arsu ƙago duniyar gobe, sun gaza nuna abin da kowace unguwa ta sani, wato cewa macen da ta haura arba'in tana so, ana kuma son ta. Kuma ina ganin kasuwa ce ta jawo gazawar, ba addini ba, ba kunya ba.

Na zaɓi ƙagaggun labaran kimiyya ne don su ba su da uzuri. Mai rubuta labarin gidan haya yana iya cewa abin da ya gani ya rubuta. Wanda ya ƙera jirgi mai wuce haske gudu, ya cika shi da halittu masu karanta zuciya, shi ya shimfiɗa dokokin duniyarsa da hannunsa, don haka duk abin da ya hana a ciki, ra'ayinsa ne ya hana. Mu duba Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994. Akwai wata jakadiya a ciki, Lwaxana Troi, wadda mijinta ya rasu. Majel Barrett ce ta fito a matsayinta, matar Gene Roddenberry wanda ya ƙirƙiri shirin. A wani kashi na 1989, Barrett tana da shekara 57, aka ce matan duniyar su Lwaxana sha'awarsu ninkuwa take idan sun manyanta. Marubuci ya samu ƙofar da zai shiga ya tambayi yadda al'umma za ta tsara aure da mutunci idan haka halittar mata take. Bai shiga ba. Sai aka mai da abin wasan 'yar ɓuya: shugaban jirgin, Kyaftin Picard, yana gudu yana laɓewa, ita tana bin maza ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙare da kwarkwasa ga mutumin da na'ura ta zana, ba ta san ba ɗan'adam ba ne. A shekarar da ta biyo baya aka ba Picard ɗin nan masoyiya mai suna Vash, wadda 'yar wasan da ta fito a matsayinta ta gaza Patrick Stewart, mai fitowa a matsayin Picard, da shekara 18, kuma babu wanda aka nemi ya yi dariya.

Adalci ya sa in ce marubutan sun taɓa yi mata abin kirki. A 1991 Lwaxana ta kamu da son wani masanin kimiyya mai suna Timicin, wanda al'adar duniyarsu ta wajabta wa kowa ya kashe kansa idan ya cika shekara 60. A wannan kashi ba a yi mata ba'a ba. Ta yi jayayya, ta yi kuka, daga ƙarshe ta raka shi. Sai dai a lura da sharaɗin: an ɗauki soyayyarta da nauyi ne a ranar da mutuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Haka aka sake yi a Battlestar Galactica tsakanin 2003 da 2009. Laura Roslin, ministar ilimi da ta wayi gari shugabar ragowar 'yan'adam wajen dubu 50, ta ƙulla da Kwamanda Adama soyayyar dattawa mai natsuwa, wadda ban san kamarta ba a irin waɗannan shirye-shirye. Amma tun a farkon labari likita ya gaya mata tana da sankarar mama, kuma a gefensa ta cika a kashi na ƙarshe. Mai kallo ya yarda dattijuwa ta so, muddin ya tabbata ba za ta daɗe tana morewa ba.

Labarin Kyaftin Janeway na Star Trek: Voyager, daga 1995 zuwa 2001, shi ya fi tona asirin kasuwar. Ita ce mace ta farko da ta jagoranci shiri cikin jerin, kuma Kate Mulgrew da ta fito a matsayinta ta sha faɗa a fili cewa ita ta ƙi a ba kyaftin ɗin labarin soyayya, don kada samari masu kallo su daina ganin girmanta. Ba na zarginta, ta san masu kallonta. Amma a 1997 masu shirin suka shigo da Jeri Ryan cikin matsattsun kaya a matsayin Seven of Nine. Aka raba mace gida biyu: mulki ga babba, jiki ga ƙarama. Da aka tashi ba Janeway masoyi a 2000, sai aka ba ta hoton na'ura a wani ƙauyen ƙarya, ta zauna tana gyara masa tsawo da hali, har ta share matarsa daga labarin. Wanda ya ce tsoron Allah ne ya hana marubutan Hollywood, sai ya bayyana mana kayan Seven of Nine. Lissafi suka yi cewa mai kallonsu saurayi ne, kuma mai talla saurayin yake biya a kamo masa.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne namu allon ma haka yake rabon. A nan Kodebuwa, Désiré Écaré ya yi Visages de femmes a 1985, ya ci kyautar masu sharhin fim a Cannes, aka kuma hana nuna shi a gida na wani lokaci saboda tsiraicin da ke ciki. Duk da wannan ƙarfin hali, matashiyar matar ƙauye ya ba sha'awa, ita kuwa babbar 'yar kasuwa mai kyafa kifi a Abidjan ya bar ta da neman bashin banki da ɗawainiyar dangi. A Ma Famille na Akissi Delta, wanda tashar talabijin ta RTI ta fara nunawa a 2002, aikin matar gida shi ne farautar mijinta Bohiri da 'yan matansa. A finafinan Kano kuwa, da zarar 'yar wasa ta manyanta sai a ɗaura mata gwaggwaro a zaunar da ita a falo: ko uwa mai sa albarka, ko suruka mai bin bokaye. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, da ta rasu a Afrilun 2024, ta yi suna ne wajen fitowa a masifaffiyar mace, kuma ta iya ƙwarai. Sai dai mai hazaka irin tata ta cancanci a gwada ta a matsayin wadda ake zuwa zance wurinta, ba don a ba mutane dariya ba. Alhaji mai furfura kuwa kullum yana hanyar gidan budurwa.

Na san abin da wasu iyayenmu ke faɗa a zuci: wannan magana ta saɓa wa kunya, uwa ba a kallonta da wannan ido. Ina girmama wannan ƙorafi, kuma ba tsiraici nake nema ba. Masana'antar Kano ta shafe fiye da shekara 20 ƙarƙashin hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001, tana nuna bege ba tare da namiji ya taɓa mace ba, da kallo da aike da waƙa. Wanda ya ƙware a wannan don 'yar shekara 18 ba zai ce kayan aikin sun ƙare ba idan aka zo kan 'yar shekara 45. Game da addini, kowane ɗalibin Islamiyya ya san cewa bisa mashahuriyar ruwaya Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, tana da shekara 40, ta yi aure sau biyu a baya, tana da dukiyarta, lokacin da ita da kanta ta aika neman auren Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara 25. Al'adarmu ma ta tanadi zawarci da ƙa'idojinsa: mace ta gama idda ko takaba, ta yi kwalliya, manema su zo, ita ke zaɓa. Gwamnatin Kano ta ɗaura auren zawarawa ta hannun Hisbah tun 2012, ta aurar da mata 1,800 a Oktoban 2023, zawarawa da 'yan mata. Kasuwar kayan mata ba 'yan makaranta ke riƙe da ita ba. Marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa ta yi rayuwarta tana kiɗan ƙwarya ga manyan mata a cikin gida, tana taɓo zancen da allo ke tsoro, su kuwa suna yi mata liƙi. Fim ɗinmu ya fi al'ummar da ta haife shi ƙunci, kamar tela da ya yanka wa uwa riga da awon 'yarta.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: furodusa ba mai wa'azi ba ne, abin da ke sayuwa yake yi. Gaskiya ne, amma a tambaya wa ke saye. Littattafan soyayya na Kano mata ne suka fi rubuta su, mata suka fi karanta su. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, jarumarta Rabi uwar 'ya'ya tara ce da miji ya kora, ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta, kuma littafin ya karɓu har aka fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. A Amurka ma kasuwar ta motsa: The Expanse, daga 2015 zuwa 2022, ya ba Shohreh Aghdashloo, haifaffiyar 1952, matsayin Avasarala, 'yar siyasa mai kaifin harshe da ado, mai miji da take so, ba tare da an mai da ita abin dariya ko majinyaciya ba, masu kallo kuma ba su gudu ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya ɗaga yaron Hausa zuwa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, don haka ƙago abin da ba a saba gani ba ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Yanzu da shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So ke isa wayar Hajiya a Adjamé ta YouTube ba tare da dillalin kaset a tsakani ba, kallonta ana ƙirga shi daidai da na ɗanta, kuma ita ce sau da yawa mai sayen datar gidan. Furodusan da har yanzu yake lissafi da saurayi kaɗai, da alƙaluman zamanin kaset yake aiki.