Digirin Kimiyyar Kwamfuta: Sharuɗɗansa da Rabon Malamin Firamare a Cikinsu

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshenmu)



 Wataƙila wani ya tambaya: mene ne ya haɗa malamin firamare da zancen digirin jami'a? Abin da ya haɗa mu shi ne iyayen yara. A unguwanninmu da ƙauyukanmu, idan yaro ya gama sakandare, ƙofar malaminsa na firamare ake fara ƙwanƙwasawa domin neman shawara. A 'yan shekarun nan kuwa, abin da aka fi tambayar mu shi ne yadda yaro zai karanci kwamfuta. Idan muka ba da amsa da ka, muna iya jawo wa ɗan wani asarar shekara guda ko fiye.

Bari mu fara da abin da ya faru a makarantar da muke koyarwa. Akwai wata ɗalibarmu da ba mu taɓa ganin mai kaifin lissafi irinta ba a aji biyar. Bayan shekara bakwai mahaifinta ya zo da ita, riƙe da sakamakon jarrabawarta mai kiredit takwas, da kuma wata takardar shaida ta koyon kwamfuta ta wata uku da ya biya da kuɗin gyaɗarsa. Burinta ta karanci kimiyyar kwamfuta. Da muka duba takardar sai jikinmu ya yi sanyi: babu Fiziks a ciki. Tun a ajin farko na babbar sakandare aka tura ta ɓangaren adabi saboda makarantar ba ta da malamin Fiziks, kuma babu wanda ya gaya wa mahaifinta abin da hakan zai haifar. Mu ma da muka san baiwarta ba mu gaya masa ba, domin a lokacin ba mu sani ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ga sharuɗɗan, daki-daki.

Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar kammala sakandare, ta WAEC ko NECO ko makamanciyarsu. Ana buƙatar kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, kuma dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Mafi yawan jami'o'i suna ƙara Fiziks a matsayin wajibi, sannan a cike da wasu darussan kimiyya. Kiredit kuwa yana nufin daga A1 zuwa C6. Wanda ya samu D7 a Lissafi ya tsallake faɗuwa, amma bai samu kiredit ba, kuma wannan ƙofa ba za ta buɗe masa ba ko da ya cinye sauran darussan gaba ɗaya.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ɗalibi zai amsa darussa huɗu a kan maki 400. Ga mai neman wannan fanni, darussan su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, da wani guda daga cikin waɗanda jami'ar da ya zaɓa ta amince da su, kamar Kemistiri. Tun daga 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta wannan jarrabawa. Mu yi tunanin yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan na'urar ba sai ranar da makomarsa ta rataya a kanta. Bayan haka kowace jami'a tana da nata tantancewar da makin da take yankewa, kuma da yake masu neman fannin suna da yawa, makinsa yakan yi sama. Waɗannan ƙa'idoji sukan ɗan sauya, don haka a riƙa duba kundin bayanan da JAMB ke fitarwa na shekarar da ake ciki kafin a cike fom.

To, yaro ya samu gurbi. Me ake bukata daga gare shi kafin a miƙa masa digiri? Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ce ke shata mafi ƙarancin mizani. A ƙarshen 2022 ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatu da ake kira CCMAS, wanda a cikinsa hukumar ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 gwargwadon buƙatun yankinta. A wannan tsari ne aka ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su kimiyyar kwamfuta, tsaron intanet, kimiyyar bayanai da injiniyancin manhaja.

Karatun shekara huɗu ne, kowace shekara zango biyu. Ana auna nauyin kowane kwas da abin da ake kira yunit: yunit ɗaya daidai yake da awa 15 na lacca a zango, ko awa 45 na aikin ɗakin gwaji. Wanda ya shiga ta JAMB sai ya ci aƙalla yunit 120 kafin ya kammala, wato kimanin 15 a kowane zango. Makin tsira a kwas shi ne 40 cikin 100 a yawancin jami'o'i, wanda ya gaza kuma a kwas na wajibi sai ya ɗauke shi ya maimaita, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Ana tara sakamako tun daga zangon farko a bisa mizani mai maki biyar. Daga 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu babba, daga 2.40 daraja ta biyu ƙarama, daga 1.50 daraja ta uku. Wanda ya yi wasa a shekarar farko zai ɗauki nauyin wasan nan har ranar yaye shi.

A nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin abin da ake koyarwa ya sha bamban da zaton mutanenmu. Da yawa sun ɗauka karatun kwamfuta shi ne buga takardu, ko gyaran waya, ko buɗe shagon cike fom. Waɗannan sana'o'i ne na halal, amma ba su ne digirin ba. A shekarar farko galibi ɗalibi zai sha Lissafi da Fiziks, da gabatarwa ga ilimin kwamfuta, da dabarun warware matsala, tare da kwasa-kwasan bai-ɗaya na Turanci da al'adun al'ummomin Nijeriya. Daga shekara ta biyu zai shiga rubuta umarni ga na'ura da harsuna irin su Python da Java, da lissafin manɗiƙi, da ƙididdiga, da yadda aka ƙera cikin na'urar kanta. Sannan a zo ga yadda ake jera bayanai da adana su, da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da yadda na'urori ke sadarwa da juna. Akwai kwas na koyon dogaro da kai. Akwai kuma horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973, inda ɗalibi zai yi watanni a wata ma'aikata yana cike littafin aikinsa na kullum. A shekarar ƙarshe sai ya gina wani abu da kansa, ya rubuta kundin bincike, ya tsaya gaban malamai ya kāre shi.

Idan muka tattara wannan duka, ginshiƙinsa abu biyu ne: iya tunani mataki-mataki, da iya karanta rubutu a fahimce shi. Dukkansu kuwa a ajinmu ake dasa su. Kalmar da masana wannan fanni suka fi furtawa ita ce algoridim, ma'ana jerin matakai tsararru da ake bi a warware matsala. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa ne kuma aka samo kalmar aljabra. Duk ranar da muka tsaya gaban allo muna nuna wa 'yan aji huɗu yadda ake doguwar rabawa, a raba, a ninka, a ɗebe, a sauko da lamba ta gaba, algoridim muke koyarwa. Bambancin kawai shi ne ko yaron ya gane dalilin kowane mataki, ko kuwa ya haddace shi ne don tsoron bulala. Wanda ya haddace zai iya cin jarrabawar zango, amma zai tsaya cak ranar da aka canja masa fasalin tambaya.

Mun san halin da muke ciki. Makarantunmu da yawa babu lantarki, balle kwamfuta, kuma darasin kwamfuta a allo ake zana shi da alli. Duk da haka akwai abin da za mu iya da hannu biyu. A ce wa yaro ya riƙe lamba a zuciyarsa tsakanin 1 da 100, sauran su gano ta da tambayar "ta fi kaza?" Idan suna raba abin da ya rage gida biyu a kowane karo, tambaya bakwai ta ishe su. Wannan dabara ce da ake koyarwa a jami'a wajen binciken bayanai. A yanka kwali biyar a rubuta 1, 2, 4, 8, 16, a bai wa yara biyar su riƙe. Da ɗagawa da saukewa kaɗai za su iya nuna kowace lamba har 31: a ɗaga 8 da 4 da 1, an samu 13. Da irin wannan ƙirga ta kunnawa da kashewa kwamfuta ke aiki. Ko dara da yaranmu ke yi a gindin bishiya horo ne na hango mataki uku kafin a motsa ɗa.

Sai kuma mu kanmu. Akwai matasan malamai a cikinmu da ke son ƙaro ilimi a wannan fanni. Mai takardar NCE yana iya neman shiga kai tsaye zuwa shekara ta biyu, ya yi shekara uku, ya ci aƙalla yunit 90. Amma sai darussan da ya haɗa a kwaleji sun dace, kamar Kwamfuta da Lissafi ko Fiziks, da sakamako mai kyau, kuma kiredit biyar ɗin nan na sakandare ba a yafe masa su. Jami'o'i da dama za su karkata shi ne zuwa digirin koyar da kwamfuta a tsangayar ilimi, wanda shi ne ma ya fi dacewa da aikinmu. Wanda ya yi NCE a Hausa ko nazarin addini kada wani ya karɓi kuɗinsa da alkawarin sama masa gurbi ta bayan fage. Ya gyara takardunsa tukuna.

Daga ƙarshe muna gabatar wa reshe da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a buga waɗannan sharuɗɗa a takarda guda da Hausa, a raba wa iyayen 'yan aji shida a taron iyaye da malamai, domin su san tambayar da za su yi tun kafin a raba yaransu zuwa ɓangarori a sakandare. Na biyu, malamanmu da suka ƙware a Lissafi su riƙa zama da sauranmu sau ɗaya a wata, domin gaskiya ita ce da yawanmu muna koyar da kasafi da ɗigon goma da fargaba a zuci, yaro kuma yana gane malamin da ke tsoron darasinsa. Na uku, ƙungiya ta tsaya tsayin daka wajen nema wa mambobinta izinin tafiya karatu da albashi, kada takardar malami ta shekara a teburin wani. Na huɗu, mu haɗa murya da 'yan'uwanmu na sakandare wajen neman a tura malaman kimiyya zuwa makarantun karkara, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗalibar da muka ba ku labarinta ta koma ta yi shekara guda tana koyon Fiziks a darasin yamma, ta sake zama jarrabawa. Yanzu muna jiran sakamako tare da mahaifinta, wanda ya sake sayar da amfanin gona domin kuɗin rajista. Ƙanwarta tana aji biyar a wurinmu a bana, kuma mun riga mun zauna da shi a kanta.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya.