Zafi da Sandarewar Tsohuwar Kwamfuta: Jawabi ga Jama'ar Duvu da Sauran Masu Amfani da Ita

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya bisa kwamfuta, wannan na'ura ta tashi daga kayan ƙawar manyan ma'aikata ta koma kayan aikin kowa. A mazaɓar Duvu ta Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, iyaye da yawa sun sayi kwamfutar tafi-da-gidanka saboda 'ya'yansu masu karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ko a Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a garin cikin 2002. Galibin waɗannan na'urori na hannu ne. Sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka Ikko, su biyo ta kasuwar Ikeja ko Titin Beirut na Kano. Kukan masu su kuwa iri ɗaya ne: na'urar ta ɗauki zafi, fankarta ta yi ta gurnani, sa'an nan ta sandare, aikin da aka kwana ana yi ya salwanta.

Ya kamata a fara fahimtar inda zafin yake fitowa. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa mai yin lissafi, kuma duk lissafin da ta yi yana haifar da zafi. An aza mata bututun jan ƙarfe wanda yake janye zafin zuwa gefen na'urar, inda akwai siraran ƙarafa jere kamar haƙoran matsefi, fanka kuma tana hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Idan wannan hanya ta toshe, zafin ƙwaƙwalwar yakan hau har ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, wato zafin tafasar ruwa. A nan sai ta rage saurinta da gangan, in abin ya faskara ta kashe kanta. Saboda haka nawar da mai na'ura yake gani, sau da yawa kariya ce da maƙeranta suka sanya mata don kada ta ƙone.

Yanayin ƙasar Mubi yana ƙara tsananta al'amarin. Yawancin kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sun ƙayyade cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Amma a watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan kusanci digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Kafin bazarar ta zo, hunturu ya riga ya yi nasa aikin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, fankar kwamfuta kuma tana zuƙarta kullum. Ƙurar takan haɗu da zaren tufafi ta dunƙule a bakin ƙarafan nan kamar auduga. Ashe ke nan na'urar tana shiga lokacin zafi ne da toshesshen hanci.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a kwashe muhimman takardu zuwa filashi ko wata ma'ajiya dabam. Ana iya sake sayen na'ura, amma kundin kammala karatun ɗalibi, ko lissafin bashin ɗan kasuwar shanu, in sun tafi ba su da kasuwa. Mutane da yawa ba sa tuna wannan sai ran da allon ya ƙi kawo haske.

Bayan haka a duba inda ake ajiye ta. Mafi yawan waɗannan na'urori ta ƙasa suke shan iska. Wanda ya aza tasa a kan katifa, ko bargo, ko matashin kai, ya toshe mata numfashi da hannunsa. A aza ta bisa tebur ko katako mai santsi, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. Sa'an nan a kai tafin hannu kusa da mafitar iska a saurara. In ana jin iska mai ɗumi tana fita da ƙarfi, hanya a buɗe take. In fanka tana ihu amma iska kaɗan ce ke fita, ƙura ce ta toshe. In kuwa na'urar ta yi zafi rau, fanka shiru ko tana ƙarar gogayya, to fankar ce ta gaji, sai a musanya ta.

Wajen share ƙurar, a kashe na'urar, a zare caja, a cire baturi in mai ciruwa ne. Burushi mai laushi ya isa share ramukan waje. Wasu kan kai ta wurin mai faci a busa mata iskar taya. Wannan kuskure ne, domin iskar tana da ƙarfi ƙwarai, takan zo da danshi, kuma takan juya fanka fiye da ƙimarta har ta lalace. Haka nan sanya ta cikin firji don ta huce: in an fito da ita raɓa takan taru a cikinta, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji da juna.

Dunƙulen ƙurar da ke ciki ba ya fita sai an kwance na'urar, wannan kuwa aikin ƙwararren mai gyara ne. In an je wurinsa a nemi ya duba wani mai mai kauri, launin toka, wanda ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da jan ƙarfen don zafi ya wuce sosai. Bayan shekaru wannan mai yakan bushe ya tsattsage kamar taɓon kududdufi da rani. A goge tsohon, a ɗiga sabo ɗan kaɗan, misalin ƙwayar wake. Mai na'ura ya tsaya ya ga abin da aka shafa da idonsa, gama man goge baki da wasu ke sawa a madadinsa kwana kaɗan yake yi ya bushe. Ga mai zama a wuri mai ƙura, ya dace a yi wannan shara sau ɗaya a shekara, da zarar hunturu ya wuce.

Sai dai ba kowace sandarewa ce daga zafi take ba, kuma a nan ne ake asarar kuɗi. Alamar rarrabewa ita ce lokaci. Na'urar da ta fara aiki lafiya da safe, ta sandare bayan rabin sa'a tana da zafi, matsalarta zafi ne. Wadda ta sandare tun tana sanyi, musamman in ana jin wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki, faifan ajiyarta ne yake neman mutuwa. Tsohon faifai yana juyawa ne kamar na garmaho, jijjigar hanya a kan babur kuwa tana yi masa lahani. Maganinsa a musanya shi da sabon nau'in da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Wadda kuma take nawa in an buɗe shafukan intanet da yawa, ma'adanarta ta wucin gadi, wato RAM, ita ce ta yi kaɗan. In ta kasance gigabait 2 ko 4, ƙara ta zuwa 8, a na'urar da ke karɓa, yakan kawo sauƙi bayyananne. Mai amfani da Windows yana iya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, ya ga manhajar da ke cinye ƙarfin na'urar. In ya ga wadda bai sani ba tana aiki ba hutawa, ya sa a bincika, domin muguwar manhaja ma tana sa zafi.

Wutar lantarki ma tana da nata rabon. Cajar jabu da wutar janareta mai hawa da sauka suna gajiyar da na'ura. Baturin da ya kumbura har ya ɗaga maɓallai ko ya buɗe bakin murfi haɗari ne, yana iya kama wuta. A daina caja nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin bola inda ake ƙona shara.

Daga ƙarshe akwai batun manhajar da ke tafiyar da na'urar. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin na'urori da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, tilasta musu ita kuwa ƙarin nauyi ne. Ga wanda bukatarsa rubutu ce da lissafi da shiga intanet, akwai manhajojin Linux na kyauta, irin su Lubuntu da Linux Mint, waɗanda ba su da nauyi. Mai gyara zai iya gwada ɗayansu daga filashi, mai na'ura ya ga yadda take tafiya, kafin a goge komai daga faifan.