Jawabi a Kan Ƙarar Rufin Porsche 911 Targa

Motar Porsche 911 Targa, wadda aka fara nunawa a Jamus cikin 1965, tana da rufin da ake cirewa. In ta kwana biyu, rufin yakan dami direba da ƙara a hanya mai gargada, domin jikin motar yana ɗan murɗawa, busasshiyar robar gefen rufin tana gugar ƙarfe.

Shawararmu ita ce a wanke robar, a bari ta bushe, a shafa mata man silikon kaɗan, sannan a daidaita sakatun da ke riƙe rufin. Amma muna jan kunne game da baƙin mai da giris. Za su kashe ƙarar na 'yan kwanaki, daga baya robar ta kumbura ta lalace, ruwan sama ya shiga, tsatsa ta cinye ƙasan motar.