Raɗaɗin Da Kan Keto Magani: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



Da wuya a sami gunduma wadda babu gidan da ake jinyar mai ciwon daji a cikinta, watau sankara. Akan kai mutum asibiti, in ciwo ya yi nisa likita ya ba shi maganin kashe zafi, ya sallame shi ya koma cikin iyalinsa. Ga shi yana shan magani bisa ƙa'ida, zafi ya kwanta, har yana hira da masu gaisuwa. Ba zato sai wani raɗaɗi ya taso masa kamar an soka mashi, ya riƙe gado yana gumi, bayan ɗan lokaci kuma ya lafa. Mutanen gida sai su ce magani ya daina aiki, waɗansu su ce ai da hannu a cikin abin. Likitoci sun san wannan raɗaɗi sarai. Sunan da suka sa masa da Turanci ma'anarsa ciwon da ya keta shinge, kamar yadda ruwa kan ɓalle madatsa da damina alhali madatsar na nan tsaye. A kansa wannan jawabi zai tsaya.

Tilas a fara da shingen kansa. A shekarar 1967 wata likita Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a birnin Landan, ana kiransa St Christopher's. Koyarwarta ita ce kada a jira sai zafi ya dawo kana a ba da magani, a riƙa ba da mofin ta baki kowace sa'a huɗu, da agogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan hanya cikin littafin da ta fitar a 1986. Da aka bi ta, zafin da ke tare da majinyaci dare da rana ya kwanta ga mafi yawansu, sa'an nan ne fa aka ga abin da ya saura a fili.

Waɗanda suka fara auna shi da kyau likitoci biyu ne a birnin New York ta Amurka, Russell Portenoy da Neil Hagen, a 1990. Ba su yi aiki da wata na'ura ba, tambaya suka yi, suka rubuta amsa. Cikin masu ciwon daji 63 waɗanda zafinsu na kullum ya kwanta, 41 sun ce raɗaɗin nan ya taso musu a cikin kwana ɗaya da ya wuce. Galibi sau huɗu yake zuwa a rana, ya yi kamar rabin sa'a ya tafi. A 2013 likita Andrew Davies da abokan aikinsa suka buga wani bincike mafi girma, na majinyata 1,000 a ƙasashen Turai 13. Suka tarar yakan zo kamar sau uku a rana, ya kai matuƙarsa cikin minti goma, in ba a sha kome ba ya yi wajen sa'a guda. Kusan rabin mutanen nan wani abu ne ke tayar musu da shi, kamar tafiya, ko tari, ko juyawa bisa gado, ko wankin miki. Yawancin sauran kuwa haka kawai yake faɗo musu, ba dalili.

To, a duba lissafin nan. Mofin da aka haɗiya sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin a fara jin aikinsa, ƙarfinsa ba ya cika sai wajen sa'a guda, kuma ya zauna a jiki sa'a huɗu. Raɗaɗin kuwa ya gama hawa tun minti goma. Ashe sau da yawa magani kan iso bayan baƙon ya tafi, ya bar majinyaci da gyangyaɗi kurum. Ihu ne bayan hari. Wannan shi ya sa masu bincike suka shiga neman abin da ya fi sauri.

Abin da suka samu shi ne fentanil, maganin da Paul Janssen ya haɗa a ƙasar Beljiyam a 1960, wanda ya fi mofin ƙarfi wajen sau ɗari. Halinsa shi ne yana ratsa fatar cikin baki ko ta hanci ya shiga jini kai tsaye, ba sai ya bi ta ciki ba. Aka yi shi kamar alewa bisa tsinke, majinyaci ya riƙa goga ta a cikin kumatunsa, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 1998 da sunan Actiq. Daga baya aka yi na sawa ƙarƙashin harshe da na fesawa a hanci.

Yadda aka jarraba shi abin lura ne ga duk mai shari'a tsakanin mutane, gama an tsara shi don kada son rai ya shiga. A gwajin da John Farrar da abokansa suka buga a 1998, an ba kowane majinyaci alewa goma masu lamba, bakwai da magani, uku alewa ce zalla. Shi bai san wacce ce wacce ba, likitansa ma bai sani ba. Duk sa'ad da raɗaɗi ya taso sai ya sha ta gaba, ya rubuta ƙarfin zafin daga sifiri zuwa goma, bayan minti 15 ya sāke rubutawa, haka har sa'a ta cika. Da aka buɗe lambobin, sai aka ga mai magani ta fi. Amma aka ga kuma ko wadda babu kome cikinta an sami sauƙi bayanta sau da yawa, domin raɗaɗin da ma mai tafiya ne da kansa. Nan ne amfanin gwajin yake. Duk abin da aka ba mutum a tsakiyar irin wannan ciwo, ko jiƙo ne ko ruwan sanyi, zai sami yabo bayan rabin sa'a, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. A 2001 Paul Coluzzi da abokansa suka gwada alewar da ƙwayar mofin mai saurin aiki, alewar ta rigaye ta tun daga minti 15. Aka kuma gane ba a iya ƙiyasta awon fentanil daga yawan maganin da mutum ke sha kullum, sai an fara da kaɗan ana hawa.

Lalle nasara ce, amma tana da iyaka. Tazarar da ke tsakanin magungunan biyu ba ta da yawa ƙwarai. Waɗanda suka shiga gwajin na ƙarshe su ne waɗanda maganin ya riga ya karɓe su tun farko, an cire sauran. Yawancin gwaje-gwajen kuma masu sayar da maganin ne suka biya kuɗinsu. Ga tsada, ga hatsari: awon da ya dace da wanda jikinsa ya saba da mofin yana iya tsayar da numfashin wanda bai saba ba, balle yaro da ya tsinci abu mai kama da alewa. Kwaɗayi ma ya shigo. A 2008 kamfanin Cephalon ya biya dala miliyan 425 a Amurka saboda tallata magunguna uku, har da Actiq, don cututtukan da ba a yarda a yi amfani da su ba. A 2019 kotu a birnin Boston ta sami John Kapoor, wanda ya kafa kamfanin Insys, da laifi a kan ba likitoci cin hanci don su riƙa rubuta fentanil na fesawa a baki. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idodinta a 2018, mofin mai saurin aiki ta ambata a matsayin maganin agaji na wannan raɗaɗi.

Wannan hukunci ya shafi ƙasar nan, domin a nan shingen farko ma bai wadata ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2017 cewa irin waɗannan magunguna da ke isa Nijeriya ba su biya ko kashi ɗaya cikin ɗari na bukatar masu ciwo mai tsanani ba. Uganda ta nuna abin mai yiwuwa ne da kuɗi kaɗan. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa gidan jinya a Kampala a 1993, ana dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, a 2004 kuma gwamnatin ƙasar ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa rubuta shi. Nijeriya ta ɗauki hanyar shigo da garin a 2012 don a haɗa na ruwa a manyan asibitoci.

Hakimai sun ga ɓarnar da kodin da tiramol suka yi wa samari, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, saboda haka ba abin mamaki ba ne in sun ji sunan mofin su yi tsaki. Tsoron yana da tushe. Amma dattijuwar da sankarar mama ta ci ƙashinta ba ta cikin wannan sahu, kuma in mutanen gari suna yi wa ɗanta kallon mai safarar ƙwaya don ya karɓo mata kwalba daga asibiti, zai daina karɓowa. Kalma ɗaya daga bakin hakimi ko dagaci tana raba wannan gardama.

Da mofin na ruwa kaɗai ana iya cin moriyar binciken nan. Likita yakan rubuta awon agaji banda na agogo, galibi sudusi zuwa ushiri na jimlar abin da majinyaci ke sha a kwana guda. Malamai sun san wannan lissafi daga rabon gado: mai shan miligiram 10 sau shida, jimla 60, sudusinsa 10 ke nan. Likita ne ke yanke awon, ba mutanen gida ba. Inda aka san abin da ke tayar da raɗaɗin, jinkirin mofin ba ya cutarwa, sai a ba da shi rabin sa'a kafin wankin miki, ko kafin a ɗora majinyaci a mota zuwa asibiti. In ciwon ƙashi ne, gashin haske yana taimako, kuma wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan da mutum fiye da dubu, aka buga a 1999, ya nuna gashi sau ɗaya yana rage zafi daidai da gashi sau shida. Ga mutumin ƙauye mai biyan kuɗin mota da masauki, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Saura aikin alƙalami. Duk ilmin da aka ambata daga takardar rubutun majinyata ya fito, irin wadda kowane malamin hakimi zai iya jan layinta a littafin makaranta, ya koya wa ɗan gidan da ya iya rubutu, ko da boko ko da ajami: lokacin da raɗaɗi ya taso, abin da majinyaci ke yi sa'an nan, ƙarfinsa daga sifiri zuwa goma, abin da aka ba shi, da lokacin da ya lafa. Sai dai a yi tambayar da dabara, gama mutanenmu suna ganin faɗin ciwo gazawa ce, dattijo yana murƙususu a tambaye shi ya ce da sauƙi. Lamba ta fi sauƙin faɗi gare shi, ba kunya a cikinta. Likita in ya karanta takardar zai ga abin da ba ya gani a ɗakin duba marasa lafiya. In zafin kullum yana dawowa gab da lokacin shan magani na gaba, to, awon agogo ne ya gaza. Haka kuma in ana neman na agaji fiye da sau uku ko huɗu a rana.

Mofin yana ɗaure ciki, don haka akan haɗa shi da maganin sakin ciki tun ranar farko. In majinyaci ya yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya ja baya, a tsai da magani a nemi asibiti nan da nan. Kwalbar a kulle ta a akwati, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, wanda shi ne kuma ke rubuta abin da aka ɗiba. In Allah ya karɓi ran majinyaci, abin da ya ragu a mayar wa asibitin da ta bayar, tare da takardar.